Ƙanensa ne ya kayar da Dirakula, ba igwar Sultan ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon fili in yi gyara a kan wani labari da ya cika bakin matasanmu tun da finafinan tarihin Turkawa suka shigo gari, wato labarin Dirakula da Sultan Muhammadu na Biyu, wanda ya buɗe Kustantiniyya a 1453. Wasu sun ɗauka aljani ne mai shan jini, wasu kuma sun mayar da abin yaƙin addini tsantsa, Musulmi a gefe, Kirista a gefe. Duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki. Mutumin sarki ne na ƙasar Walakiya, sunansa Bilad na Uku, Turawa na rubuta shi Vlad, Turkawa kuwa suka yi masa laƙabi da Kazikli, wato mai tsire, saboda tsire mutane a kan itace shi ne hukuncin da ya fi yankewa. A 1462 Sultan ya fito da kansa, ya shiga ƙasar, ya juya bai kama shi ba. Amma shekarar ba ta ƙare ba sai da Bilad ya rasa gadon sarauta, kuma sarkin da ya sa masa mari Kirista ne, sarkin Hangari. Yadda haka ta faru nake so in warware. In na ce Daular Usmaniyya a wasiƙar nan, ta Turkawa nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba.

Ƙasar da ake kira Romaniya yau, a ƙarni na 15 gida uku ce. Walakiya na kudu, a shimfiɗe tsakanin kogin Danub da duwatsun Karfat. Moldabiya na arewa maso gabas, tana kaiwa har gaɓar Bahar Aswad. Tiransilbaniya na bayan duwatsun, ƙarƙashin sarkin Hangari. Ƙetaren Danub kuwa Bulgeriya ce, wadda ta shiga hannun Turkawa tun kafin 1400. Ke nan Walakiya zaure ce tsakanin gidaje biyu masu gaba da juna, duk wanda zai kai wa ɗan'uwansa hari ta cikinta zai ratsa. Gaba kura, baya sayaki.

Abu na farko da ke riƙe da irin wannan ƙasa shi ne haraji. Kalmar ma ɗaya ce da tamu, domin mu da Turkawa duk daga Larabci muka aro ta. Ana biyan sa da dukat, tsabar zinariya mai nauyin kusan giram 3.5. Sarki Mirca, kakan Bilad, ya yaƙi Bayazidu na Ɗaya, ya tsaya tare da Hangari a Nikofolis a 1396, har ya sa hannu a rikicin gadon 'ya'yan Bayazidu ya goyi bayan ɗaya daga cikinsu, Musa, wanda aka kashe a 1413. Duk da haka a 1417 ya amince da biyan dukat 3,000 a shekara, wato kilo goma da rabi na zinariya. A zamanin Bilad kuɗin ya kai 10,000, kilo 35. Moldabiya ta fara da 2,000 a 1456. Abin da ake saye da kuɗin nan ba ƙarami ba ne. Ba a naɗa wa ƙasar alƙali daga Istanbul, ba a raba gonakinta ga baraden Sultan, ba a ɗibar yaranta zuwa rundunar Janisari, wato dakarun fadar Sultan, kamar yadda ake yi a Bulgeriya da Sabiya. Sarki na nan da fadarsa da cocinsa da shari'arsa. Abin da ke kansa shi ne ya biya a kan lokaci, ya kai gaisuwa da kansa in an kira shi, ya ba da ɗa jingina, ya ba da mayaƙa da 'yan jagora in runduna za ta wuce, kada kuma ya ɓoye maƙiyin Sultan. Duk wanda ya karanta tarihin Sakkwato zai gane tsarin, shi ne abin da aka sani da amana.

Sai dai Sultan ba ya dogara da takarda kaɗai. Wajen ƙarshen mulkin Mirca Turkawa suka karɓe ganuwar Jurju da ta Turnu, biyun duk a ɓangaren Walakiya na kogin, suka zuba nasu dakarun. Mirca ne ya gina Jurju, ɗansa ma ya taɓa ce wa wasu mayaƙan Turai a 1445 babu dutse ɗaya a ginin da bai ci wa mahaifinsa kantun gishiri ba, don ƙasar ba ta da dutse a wannan yanki, gishiri take da shi. Wanda ke riƙe da mashigan nan biyu, shi ke da mabuɗin ƙofar gida.

Sarkin Hangari shi ma yana da nasa linzamin. Yakan ba sarkin Walakiya gundumomi biyu a Tiransilbaniya, Amlash da Fagarash, ya ci arzikinsu muddin yana biyayya, ya ƙwace in ya karkata. Sannan akwai garuruwan Jamusawa 'yan kasuwa da ake kira Sakson, musamman Birashob da Sibiyu, waɗanda ke bakin mashigan duwatsu. Daga can Walakiya ke sayen takubba da garkuwa da albarushi da ƙarfe, kuma umarni ɗaya daga fadar Hangari ya isa a hana fitar da su. Garuruwan suna da gatan da ya wajabta wa fatake su sauke kayansu a can su sayar, ba su wuce gaba ba. Rigima mai yawa da aka lulluɓe da rigar addini, a kan wannan gata aka yi ta.

Makami mafi kaifi kuwa ɗan sarki mai jiran gado ne. A Walakiya babu dokar da ta ce ɗan fari ne zai gaji uba. Duk namiji mai jinin sarauta, ɗan matar aure ko wanda aka haifa a waje, yana iya nema, in dai manyan masu ƙasa da ake kira boyar sun yi masa mubaya'a. Gidan kuma ya rabe biyu, zuriyar Mirca da zuriyar ɗan'uwansa Dan. Bahaushe ba baƙo ba ne ga rikicin gidajen sarauta, amma a nan duk wanda ya faɗi takara yana da masaukin da ke jiransa, ko fadar Sultan a Adirna, ko garuruwan Sakson. Sultan ya ajiye ɗaya, Hangari ta ajiye ɗaya, kamar takobi a kube. Tsige sarkin Walakiya ba ya buƙatar babbar runduna. Dawakai 'yan dubbai, ɗan sarki a gaba, wasiƙu sun riga sun isa hannun boyar, shi ke nan. Akwai waɗanda suka hau suka sauka har sau biyar. Shi ya sa sarki mai ci in ya kama abokin takara yakan kashe shi, ko ya yanke masa hanci, domin mai nakasa ba ya hawa gado.

Dubi abin da ya sami mahaifin Bilad. A 1431 Sigismun, sarkin Hangari, ya shigar da shi wata ƙungiyar jarumai mai tambarin dodon maciji, daga nan aka laƙaba masa Dirakul. Dirakula na nufin ɗan Dirakul, iyakar asalin sunan ke nan, babu aljani a ciki. Ya hau a 1436, Sigismun ya mutu a 1437, shekara na zagayowa sai ga mai tambarin dodo yana yi wa Sultan Muradu na Biyu jagora cikin Tiransilbaniya. Daga baya Muradu ya zarge shi, ya tsare shi, bai sake shi ba sai da ya bar 'ya'yansa biyu jingina, Bilad da Radu. A 1444 sarkin Hangari da Polan ya warware sulhun shekara goma da Sultan, wanda ya rantse a kai 'yan makonni kafin nan, bisa zugar wakilin Fafaroma. Dirakul ya raba ƙafa, bai je yaƙin ba, amma ya tura babban ɗansa da mahaya kimanin 4,000, alhali ƙananan na hannun Sultan. Ranar 10 ga Nuwamba aka karya rundunar Kirista a Barna, sarkin ya mutu a fagen daga. A 1447 Dirakul ya sake sulhu da Turkawa, sai Yanos Hunyadi, mai riƙon ƙwaryar Hangari, ya shigo da ɗan takara daga gidan Dan. Aka kashe Dirakul, aka binne babban ɗan da rai. Saboda haka jinin mahaifin Bilad a hannun ɓangaren Hangari yake. Turkawa ne suka fara ɗora Bilad a 1448, bai wuce wata biyu ba aka kore shi. A 1456 ya dawo, wannan karon daga Tiransilbaniya, da yardar Hunyadin nan dai.

Da hawansa ya yi abin da magabatansa suka yi, ya rantse wa Hangari, ya aika wa Sultan haraji. A watan Satumba na 1456 ya rubuta wa mutanen Birashob cewa mai ƙarfi shi ke yin sulhu yadda yake so, rarrauna kuwa wanda ya fi shi ƙarfi zai zo ya yi yadda ya ga dama da shi. Hanyar da ya zaɓa ta samun ƙarfin ita ce karya boyar. Masu nazarin jerin shaidun da ke kan takardunsa sun gano mutum biyu kacal ne suka dawwama a majalisarsa daga 1457 zuwa 1461. Da yawa a kan itace suka ƙare, ya raba dukiyarsu ga sababbin mutanen da ba su da kowa sai shi. Sannan ya juya kan Sakson, waɗanda ke ɓoye masa 'yan takara. Ya taƙaita kasuwancinsu a ƙasarsa, ya ƙona ƙauyukansu da unguwannin bayan ganuwar Birashob, a 1460 kuma ya kama Dan na Uku da suka turo ya kashe. A ganina kuskurensa na asali a nan yake. Kafin ya taɓa Sultan ya riga ya ɓata da masu naɗin sarki, ya kuma ɓata da garuruwan da ke sayar masa da makami, waɗanda ta ƙofarsu zai bi in ta ɓaci.

Harajin shekara uku ya taru bai biya ba, labari kuma ya kai wa Sultan cewa yana ƙulla wani abu da Matiyas, ɗan Hunyadi, wanda ya zama sarkin Hangari a 1458 yana ɗan shekara 14. Da Muhammadu ya gama da Tirabzon a 1461, sai ya tura wani magatakardansa Bagirike ya kira Bilad, ya kuma umarci Hamza, hakimin Nikofolis, ya yi masa kwanton ɓauna kusa da Jurju. Asiri ya tonu, Bilad ya kama su duka biyun. Ya san Turkanci tun zaman jingina, da shi ya sa masu gadi suka buɗe ƙofar Jurju. Cikin hunturu ya ƙetare kogin ya bi gaɓar kudu yana ƙone mashigai da ƙauyuka. Manufar soja a fili take, ya lalata wuraren da ake tsallakawa da sansanonin 'yan hari kafin bazara. A wasiƙarsa ta 11 ga Fabrairu 1462 ya ba Matiyas lissafi gari-gari, jimla 23,884, ban da waɗanda suka ƙone a cikin gidaje. Da bakinsa ya ce maza da mata ne, manya da yara, Turkawa da Bulgeriyawa. Masu kiran sa garkuwar Kirista su lura da kalmar ƙarshe.

Sultan ya fito da kansa. Marubucin Girka Kalkokondilis ya ce mutum 250,000 ne, wanda ƙari ne irin na marubutan zamanin. Jakadan Benis da ke Buda, babban birnin Hangari, ya kawo 60,000 na cikakkun sojoji da 30,000 na 'yan sa-kai, wannan ya fi kama da hankali. Na Bilad ba su wuce 30,000 ba, kuma mafi yawansu manoma ne da aka yi wa gayya.

Tsallake babban kogi alhali maƙiyi na jira a ɗaya gaɓar yana daga mafi wuyar ayyukan yaƙi, kuma an yi sa'a wani ɗan Sabiya, Konstantin Mihailobic, da ke cikin Janisarin ya rubuta yadda aka yi a farkon Yuni. Da dare suka shiga jirage, suka bar ruwa ya ja su ƙasa don kada a ji ƙarar filafili, suka sauka nesa kaɗan da sansanin Bilad. Abin da suka fara yi shi ne haƙa rami, su kafa igwa, su jera manyan garkuwoyi, su kakkafa itatuwa masu tsini a kewaye don doki kada ya iya kutsawa. Jiragen suka yi ta komawa suna kwaso sauran. Da suka matsa gaba, igwar Walakiya ta kashe Janisari 250, Sultan na tsaye a ƙetare yana kallo ba shi da yadda zai yi. Abin da ya cece su igwa 120 ce da suka buɗe wa mutanen Bilad har suka ja da baya. Damar Bilad ɗaya ce, ya afka musu kafin a gama haƙa ramin. Da ta wuce, kogi ya daina yi masa aiki.

Sai ya koma ga dabarar mara ƙarfi. Ya kwashe mutane da dabbobi zuwa dazuzzuka da duwatsu, ya ƙone amfanin gona, ya ɓata rijiyoyi, ya bar 'yan kwanto suna tsintar duk wanda ya fita neman ciyawa ko ruwa. Dabarar tana da tushe. Runduna mai dubban dawakai da raƙuma ba ta iya ɗauko abincin dabbobinta daga gida, a hanya take ci, kuma baraden Sultan masu gonaki sukan so su koma kafin ƙarshen Oktoba. Duk ranar da aka ɓata riba ce ga mai gida.

Daren 17 ga Yuni ya kai harin da ya yi suna, da mahaya 7,000 zuwa 10,000 riƙe da wuta. Kan Sultan yake nema, domin rundunar da sarkinta ya mutu takan watse ta koma rigimar gado. Sansanin Turkawa kuwa ba a barkatai ake kafa shi ba. Tantin Sultan na tsakiya, Janisari sun kewaye shi, sauran rundunoni kowa da gefensa. Cikin duhu maharan suka faɗa wa tantunan wazirai, Mahmudu da Ishaƙa, suka yi ɓarna a kan mutane da dabbobi, kafin su gane hanya Janisari sun tsaya sahu. Da asuba suka janye. Hari irin wannan sau ɗaya yake ci, daga ranar sai aka ƙara rami da masu gadi. Da Sultan ya isa Targobishte, babban birnin, ya tarar da fili cike da gawarwaki a kan itatuwa, Kalkokondilis ya ce kimanin 20,000, Hamza a kan mafi tsawo.

A daidai lokacin, wa ke kai hari kan tashar Kiliya da ke bakin Danub, inda dakarun Hangari ke tsaro? Istifanus ne, sarkin Moldabiya, Kirista, wanda Bilad ya taimaka wa ya hau gado a 1457, ga kuma jiragen Turkawa na dukan garin ta ruwa. Bai ci garin ba, ya samu rauni a idon sawu ranar 22 ga Yuni wanda bai warke ba har mutuwarsa, amma ya tilasta wa Bilad raba 'yar rundunarsa biyu.

Sultan ya ƙone Biraila ya juya, 11 ga Yuli yana Adirna. A Turai aka yi ta murna an kori Turkawa. Ba su lura da abin da ya bari a baya ba, wato Radu, ƙanen Bilad, tare da 'yan hari kaɗan a gabashin ƙasar. Radu bai ci wayansa a fagen daga ba, saƙo ya riƙa aikawa ga boyar ɗaya bayan ɗaya: kun ga ƙarfin Sultan, baɗi zai dawo, ku zo gare ni a mayar da amana a zauna lafiya. Ku auna abin daga wajen boyar. Gonakin da aka ƙone nasu ne, iyalansu na ɓoye a daji, manoman gayya na son komawa girbi, sarkin da suke yi wa yaƙi kuma shi ne ya tsire 'yan'uwansu. Kilo 35 na zinariya a shekara ya fi wannan araha nesa ba kusa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun tsakiyar Agusta ake shawartar Birashob ta amince da Radu, Bilad kuwa ya ja zuwa duwatsu yana jiran Matiyas.

Matiyas ya iso Birashob a Nuwamba, bayan an gama komai. Aka yi makonni ana tattaunawa, sannan wani kwamandansa ɗan ƙasar Cek, Yan Jiskira, ya kama Bilad a mashigin dutse. Hujjar da aka aika wa Fafaroma Piyus na Biyu wasiƙu uku ne da aka ce Bilad ya rubuta yana neman gafarar Sultan yana alkawarin taya shi cin Hangari. Yawancin masana na ganin jabu ne. Dalilin gaskiya a littafin baitulmali yake. Matiyas ya karɓi kuɗin yaƙi daga Fafaroma da Benis, dole ya faɗi abin da ya hana shi yaƙin. Kambin sarautar Hangari kuma, wanda sai da shi naɗi ke inganta, yana hannun Firedirik na Uku, babban sarkin Jamusawa, wanda ya sa masa farashin zinariya 80,000, kusan kilo 280. An kammala cinikin a 1463, aka naɗa Matiyas a 1464. Sarkin da kambinsa ke hannun abokin gaba ba zai kai rundunarsa Danub don wani ba. Ya amince da Radu, ya ajiye Bilad fiye da shekara goma sha biyu, wani takobin a kube. Labaran ta'asar da suka bazu cikin Jamusanci a wannan lokaci suka fara yawo, da yawansu daga bakin Sakson, kuma sun yi wa fadar Hangari amfani. Ba wanke Bilad nake yi ba, wasiƙarsa ta Fabrairu ta ishe shi shaida.

Istifanus na Moldabiya ya fuskanci matsala iri ɗaya, amma ya shekara 47 a kan gado, daga 1457 zuwa 1504. Ba don ya fi tausayi ba, shi ma ya sare boyar, ya tsire fursunoni. Jerin aikinsa ne ya bambanta. Shekara goma sha shida na farko yana biyan Sultan haraji ba fashi, yana gyara gida. Ya bi sawun ɗan takararsa Petru Aron har ya kama shi ya sare masa kai. Ya ƙarfafa ganuwoyin dutse a Sucaba, babban birninsa, da Niyamts da Hotin, ya naɗa amintattu a kansu. Ya ci Kiliya a 1465, da Matiyas ya zo ramuwa a Disamba 1467 ya afka masa da dare a garin Baya ya cinna wuta, aka fitar da sarkin Hangari da rauni. Sai a 1473 ya daina biyan haraji, ya kori Radu, ya ɗora nasa mutumin a Walakiya, wanda bai daɗe ba ya koma wajen Sultan, domin Jurju ta fi Sucaba kusa da shi.

Ranar 10 ga Janairu 1475 aka haɗu a Baslui. Sulaimanu Fasha, kwamandan Sultan, ya taso da rundunar da ta riga ta gaji da ƙawanyar Shikodra a Albaniya, ya shigo cikin hunturu ya tarar da ƙasa a ƙone. Istifanus na da kimanin 40,000, ciki har da Sekeli, wata ƙabila ta Tiransilbaniya, su 5,000, da 'yan Hangari 1,800 da 'yan Polan 2,000, da igwa wajen ashirin. Shi ya zaɓi wurin, kwari mai fadama inda rafin Rakoba ke shiga kogin Barlad, ga daji a gefe, ga hazo da safe. A irin wannan ƙunci yawa ba ya amfani, na baya ba sa iya kaiwa ga faɗan. Ya ɓoye masu busa da kiɗa a wani gefe, Turkawa suka juya can suna zaton nan rundunar take, suka nutse a taɓo, sannan ya sauko musu ta haƙarƙari. Aka yi kwanaki ana bin su. Fafaroma ya yi masa kirari da jarumin Almasihu, kuɗin taimako kuwa ta hannun Matiyas aka bi da shi.

Sultan ya gyara kuskuren. A 1475 ya ci tashar Kafa ya mayar da Tatar na Kirimiya ƙarƙashinsa, a 1476 ya sa su shigo ta gabas yayin da shi yake tahowa ta kudu, a cikin bazara. Dole Istifanus ya sallami manoma su je kare gidajensu, ya tsaya da abin da bai kai rabin rundunar Baslui ba, aka karya shi a Razboyeni ranar 26 ga Yuli. Nan ne ganuwoyin suka biya kuɗin gininsu. Sucaba da Niyamts da Hotin duk suka ƙi buɗewa, boyar ba su watse ba, yunwa da annoba suka shiga rundunar Sultan, rundunar Hangari na tahowa, cikin Agusta ya janye. A Nuwamba Istifanus da Hangari suka mayar da Bilad kan gadon Walakiya, aka bar masa masu gadi 200 'yan Moldabiya domin bai yarda da mutanensa ba. Bai yi wata biyu ba aka kashe shi, goma ne daga cikin masu gadin suka tsira.

Bayazidu na Biyu, ɗan Muhammadu da ya gaje shi, bai ɓata lokaci yana bin Istifanus cikin daji ba. A 1484 ya zo da jirage da igwa da Tatar da sarkin Walakiya, ya ci Kiliya a Yuli da Akkarman a Agusta, tashoshin da hanyar fatake daga Polan ke ƙarewa, inda kuɗin fiton Moldabiya ke fitowa. Matiyas bai motsa ba, ya riga ya yi sulhun shekara biyar da Sultan a 1483, hankalinsa na kan Biyana, wadda ya ci a 1485. Istifanus ya je ya durƙusa wa sarkin Polan a Satumba 1485, taimakon da ya samu bai isa ƙwato tashoshin ba, a 1486 ya koma biyan haraji. Da sarkin Polan Yan Albat ya shigo da runduna a 1497 ya yi wa Sucaba ƙawanya, Istifanus ya bar shi ya juya, ya tare shi a dajin Kosmin ranar 26 ga Oktoba, aka kayar wa rundunar da itatuwan da aka riga aka sassare. Cikin waɗanda suka taya shi a ranar akwai dakarun Turkawa da na Walakiya. Ya ci gaba da aika haraji Istanbul har ya rasu a Sucaba ranar 2 ga Yuli 1504, ɗansa Bogdan ya gaje shi.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Zariya.